Fasinjan da Ba Ya Iya Cewa a Sauke Shi

Bayan sallar isha'i ɗan ƙanwata ya shigo zaure, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ƙi tashi. Gaisuwa in ta yi tsawo haka, da magana a bayanta. Can ya ce, "Kawu, an buɗe ɗaukar aiki a gidan gyaran hali, kuma har da direbobi ake nema." Na ce madalla, abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Yaron nan tun yana shekara 14 yake bin mota. Da wanki da ɗaurin kaya ya fara, ya koma sa weji a bayan taya, har maigidansa ya soma miƙa masa sitiyari in an bar gari. Yau shekara 9 ke nan yana tuƙi tsakanin Badarawa da Shinkafi da Ƙauran Namoda. Ran Alhamis, ranar kasuwar Shinkafi, sawu uku yake yi kafin la'asar. Babu ramin da bai sani ba daga nan har Moriki. Abu ɗaya ne bai taɓa mallaka ba, shi ne lasisi, kuma ga shi an ce sai da shi.

Ya ce akwai wani dillali a tasha, in an ba shi abin da ya yanka, cikin mako biyu zai kawo katin, ba makaranta ba gwaji. Rance yake so in ba shi. Da ya ga na yi shiru, sai ya ɗago kai ya ce, "Kawu, ai ba ƙarya za a rubuta ba. Na iya tuƙin nan, kai ma shaida ne. Gaskiya katin zai faɗa."

Na ce ya je, mu kwana da maganar. Ni kam ban yi barci da wuri ba, domin tambayar da ya bar mini ta fi rancen nauyi: takardar da ta faɗi gaskiya, amma aka same ta ta hanyar ƙarya, halal ce ko haram?

Aikin da yake nema na san shi tun kafin ya zama abin cike fom a waya. Ƙanen mahaifina, wanda muke ce wa Baba, gandiroba ne, ya fara tun yankin nan yana ƙarƙashin En'e ta Sakkwato, kafin a haɗe gidajen yarin En'e da na tarayya a 1968. Masana harshe sun ce kalmar gandiroba daga Turanci muka aro ta, kuma asalinta kalma biyu ce: ta farko tana nufin gungun mutane, ta biyu kuwa ita ce dai wadda ta ba mu direba. Wato mai kora gungun fursunoni zuwa aiki. Ashe gandiroba da direba ɗan wa da ɗan ƙane ne tun a suna. Kowannensu an ɗora masa rayukan mutane, an ce kai su, ka dawo da su.

Baba bai iya boko ba, ajami yake rubutawa. Lokacin da aka ɗauke shi ba wanda ya tambaye shi takarda. Hakimi ne ya ce ya san shi ya san ubansa, aka dubi ƙirjinsa da tsawonsa, aka ba shi kaki. Har bayan ya ajiye aiki bai bar ƙidaya ba. Da magariba sai ya tsaya bakin ƙofa ya ƙirga awaki, ya ƙirga mu yara, in ɗaya bai cika ba, ba ya zama. Ya sha gaya mana cewa ba a taɓa raba gabza a hannunsa ba sai ya sa yatsa ya ɗanɗana. Yakan ce, "Wanda ka kulle, kai ne ƙafarsa, kai ne bakinsa."

Amma akwai labarin da sau ɗaya tak ya ba ni, ina saurayi, muna dawowa daga gona. Wata bazara wani fursuna ya yi ta kukan ciwon kai, ya ce wuyansa ya ƙage. Baba ya ɗauka lambo ne don gudun aikin gobe, domin ya ga irinsa da yawa. Ya ba shi ruwa ya ce ya kwanta. Da asuba aka tarar ya cika. Sanƙarau ne. Ba wanda ya taɓa koya wa Baba alamunsa. Ya yi azumin wata biyu a jere, ko da yake malaman da ya tambaya sun ce kaffara ba ta hau kansa ba, kuma har ya koma ga Allah bai bar yi wa mutumin nan sadaka ran Juma'a ba. A kansa na fara gane cewa mutumin kirki ma yana iya yin ɓarna in ba a koya masa ba.

Yanzu zamani ya sauya. A 2019 shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta mayar da hukumar gidajen yari ta koma Hukumar Gidajen Gyaran Hali, ta kuma raba aikinta gida biyu: masu tsare mutane a ciki, da masu sa ido a kan waɗanda kotu ta bari a waje bisa sharaɗi. Ɗaukar ma'aikata yana hannun hukuma guda da ke kula da su tare da Sibil Difens da 'yan kwana-kwana da jami'an shige da fice. Mai digiri da matakinsa, mai takardar malanta ko difiloma da nasa, mai sakandare da nasa. Ana auna tsawo, namiji kada ya gaza mita 1.65, mace 1.60. Ana son shaidar lafiya, ana son wanda kotu ba ta taɓa ɗaure shi ba. Masu sana'ar hannu su zo da shaidar gwajin sana'a, direba ya haɗa da lasisi mai rai. Shi kuma lasisin yana da tasa hanya: makarantar tuƙi mai rajista, gwaji a gaban jami'an duba ababen hawa, biyan kuɗi ga hukumar haraji ta jiha, sannan awon ido da hoto da zanen yatsu a wurin Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988. Wannan doguwar hanya ce ɗan ƙanwata yake so ya tsallake da tsalle ɗaya.

Da na koma ga abin da muka karanta a zaure, sai na ga addini bai bar wannan babi a buɗe ba. A Suratul Ƙasas, lokacin da Annabi Musa ya shayar wa 'yan matan Madyana dabbobinsu, ɗayarsu ta ba mahaifinta shawarar ya ɗauke shi aiki, ta kuma kafa hujja da siffa biyu, ƙarfi da amana. Annabi Yusuf, wanda shi kansa ya ɗanɗani kurkuku shekaru, da ya nemi a ba shi kula da rumbunan Masar, siffa biyu ya ambata: tsarewa da sani. Abu Zarri kuma, duk da tsoron Allahnsa, da ya nemi muƙami, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai ba shi ba, ya nuna masa yana da rauni kuma abin amana ne. Ƙafa biyu ke nan aiki yake tsayawa a kai. Baba yana da amana, saninsa ya gaza a daren nan. Da yawa kuma mun gansu da takardu cike da jaka, amma ba ka ba su ajiyar akuya.

To wace ƙafa takarda take aunawa? Ƙarfi da sani kawai. Wannan ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu, bai kuma zo da Turawa ba. Malamanmu ba sa barin almajiri ya zauna ya karantar da littafi sai sun ba shi izini, ijaza ke nan. A Bagadaza, shekara ta 931, wani majinyaci ya mutu saboda kuskuren mai magani, sai halifa Muƙtadir ya hana kowa taɓa marar lafiya sai babban likitansa Sinan ɗan Sabit ya jarraba shi. Sama da 860 aka jarraba. Shi dai Sinan ɗin ne waziri Aliyu ɗan Isa ya umarta ya riƙa tura likitoci kurkuku kullum su duba ɗaurarru. Da a ce irin wannan likita ya leƙa ɗakin da Baba yake gadi, da wataƙila ba a yi azumin wata biyu ba.

Amma duk wannan bai amsa wa yaron tambayarsa ba, domin shi bai ce a bar wanda bai iya ba ya yi tuƙi ba. Cewa ya yi shi ya iya. Sai wajen tsakar dare na kama bakin zaren. Lasisi ba cewa yake yi wane ya iya tuƙi kurum ba. Cewa yake yi, ni mai sa hannu na gan shi, na gwada shi, na auna idonsa. Shaida ce. Shaida kuwa a shari'a ba ta inganta don abin da aka faɗa ya dace da gaskiya, sai in mai faɗar ya gani. In na je gaban alƙali na ce a gabana wane ya ranta wa wane kuɗi, alhali ina Gusau ranar, na yi shaidar zur ko da rancen ya auku. Farkon Suratul Munafiƙun ya isa misali: mutane sun zo sun faɗi magana wadda ita kanta gaskiya ce tsantsa game da manzanci, amma Allah ya ƙaryata su, domin shaidar tasu ba daga inda suka ce ta fito ta fito ba. Ba ina jefa ɗan ƙanwata cikinsu ba ne, Allah ya tsare. Ina nuna cewa magana tana iya zama gaskiya, shaidar ta zama ƙarya. Katin dillali zai ce an gwada shi. Ba a gwada shi ba. Nan ƙaryar take.

Washegari ya dawo da wata hujja, da alama ya bi ta wurin wani abokinsa mai ɗan karatu. Ya ce ai malamai sun yi rangwame ga wanda aka danne wa haƙƙi, ya ba da wani abu don ya karɓi haƙƙinsa, zunubin yana kan mai karɓa. Na ce haka ne, akwai wannan magana. Amma mene ne haƙƙinka a nan? Haƙƙinka a gwada ka, in ka ci a ba ka. Da ka je ka ci gwaji aka riƙe katin sai ka ba da goro, da sai mu buɗe wannan babi. Kai kuwa kuɗi za ka bayar don kada a gwada ka.

Akwai kuma mai haƙƙi na uku da ba ya cikin zauren, shi ne ya fi tsaya mini a rai. Mu da muke shiga mota a tasha muna da zaɓi. Kana iya leƙa idon direba ka ce ka fasa. In ya taka wuta, wata tsohuwa daga baya za ta ɗaga murya ta ce, "Direba, da rai muke so mu isa!" In ya ƙi ji, ka ce a sauke ka, ka yafe kuɗin. Ɗaurarre fa? An sa masa ankwa, an tura shi bayan mota mai ƙaramar taga, an datse daga waje. Bai zaɓi direba ba, bai ga fuskarsa ba, in motar ta kife ba shi da hannun da zai kare kansa. Duk tambayoyin da fasinja yake yi da idonsa da bakinsa, shi an hana shi. Gwajin lasisi shi ne tambayar da hukuma take yi a madadinsa. Wanda ya sayi katin, bakin wannan bawan Allah ya toshe.

Kada a ce ƙaramin abu ne. A watan Maris na 1980, a Legas, an cusa waɗanda ake tuhuma cikin baƙar motar ɗaukar fursunoni ta 'yan sanda, aka bar su a rufe cikin zafi, kimanin 50 suka mutu don rashin iska. Motar ba ta yi karo da komai ba. Ƙa'idojin kula da fursunoni na Majalisar Ɗinkin Duniya, waɗanda aka sabunta a 2015 aka sa musu sunan Nelson Mandela, sun hana ɗaukar ɗaurarre a motar da ba ta da isasshiyar iska ko haske, sun kuma ce a zaɓi ma'aikata da kula, a horar da su, su ci jarrabawa kafin su fara aiki. A Najeriya wajen kashi biyu cikin uku na mazauna gidajen gyaran hali jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Galibin waɗanda ɗan ƙanwata zai riƙa kaiwa kotu, a idon shari'a, ba masu laifi ba ne tukuna. Ga kuma hanyoyinmu yadda suka zama, inda direba yake kallon rami da ido ɗaya, yana kallon daji da ɗayan.

Sai dai ba zan yi wa takarda kirarin da ba nata ba. Aikin sa ido a kan mai laifi a waje, wanda dokar 2019 ta ba shi sashe, wani baduku ne ya fara shi. Sunansa John Augustus, mai ɗinkin takalma a birnin Boston na Amurka. A 1841 ya roƙi alƙali ya ba shi wani mashayi ya tafi da shi gida maimakon a ɗaure shi, bayan mako uku ya dawo da shi ya natsu. Kafin ya rasu ya tsaya wa kusan mutum 2,000, ba shi da shaidar komai sai halinsa. Sai a 1878 jihar tasu ta mayar da abin doka. Yau a can mai wannan aiki galibi sai da digiri, kuma sai da lasisin tuƙi, domin rabin aikinsa a hanya yake, daga gidan wannan zuwa wurin aikin wancan. Mu ma muna da namu tun da daɗewa. Littattafan Malikiyya sun yi bayanin lamunin fuska, inda mutum yake ɗaukar alkawarin kawo wane duk ranar da aka neme shi. Sau nawa mai unguwa ko liman ya ce, "Ku bar mini shi, na tsaya masa," yaro ya shiryu? In aka turo jami'in sa ido ya kula da wani a Kurya ko Jangeru, lasisin babur zai kai shi ƙofar gida, amma ba zai sa a gaya masa gaskiya ba. Wannan sai in mutanen gari sun yarda da shi.

Amana ba ta da ɗakin jarrabawa. An ruwaito cewa wani ya yabi wani a gaban Sayyidina Umar, sai ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne, ko sun taɓa tafiya tare, ko kuɗi ya taɓa shiga tsakaninsu. Da ya ce a'a, Umar ya nuna masa bai san shi ba. Alƙali Abu Yusuf, cikin littafin da ya rubuta wa halifa Haruna Rashid kan haraji, ya ba da shawarar a ciyar da ɗaurarru daga baitulmali, a ba su tufafin ɗari da na zafi, a kuma naɗa mutumin kirki ya riƙa ba su kuɗin a hannu, domin in gurasa aka aika, masu gadi za su cinye. Sama da shekara 1,200 ke nan, kuma duk wanda ya taɓa kai wa ɗan'uwa abinci gidan yari ya san abin da malamin yake tsoro. Babu satifiket da ke hana hannu shiga kwanon ɗaurarre.

To in takarda ba ta auna amana, me ya sa na dage? Domin hanyar da aka bi aka same ta tana aunawa. Ita ce jarrabawar amana ta farko, kuma ba mai gadi a ɗakin. Wanda ya shiga aikin tsaron ƙofa ta taga, ranar da wani ya miƙo masa kuɗi don a shigar da waya ko ƙwaya, da wane baki zai ƙi? Hujjar ɗaya ce: ba wanda zai cutu, kowa haka yake yi.

Ban wanke hukuma ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ɗan ƙauye da zai bar sana'arsa makonni, ya bi hanyar da ake tare mutane, ya kwana a birni, ya biya nan ya biya can, an sa masa hanyar halal ta yi tsada, ta haram ta yi arha. Wanda ya ɗora wa mutane sharaɗi, wajibinsa ne ya kawo musu ƙofar cika shi kusa. Wannan nauyi yana wuyan masu mulki, za a kuma tambaye su. Amma laifinsu bai zama lasisina ba.

Na gaya masa ba zan ba da ko kwabo don dillali ba, amma kuɗin makaranta da na mota da na kwana a Gusau suna wuyana. Ya karɓa ba da fara'a ba. Kafin ya gama, aka rufe ɗaukar aikin. Uwarsa ta yi wata guda gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ranar da ta buɗe baki cewa ta yi, "Yaya, 'ya'yan wasu sun shiga, naka yana nan yana dakon albasa. Gaskiyar taka za mu dafa?" Ban sami abin ce mata ba, har yau kuma ban samu ba. Buhun gero na aika mata, na san bai biya ba.

Ran da ya dawo da katin, ya shigo zaure da tabarau a fuska. Na ɗauka gayu ne. Ya ce a wurin awon ido aka ce ya rufe na dama ya karanta, sai ya ga layukan ƙasa sun narke. Shekara 9 yana tuƙi da ido ɗaya da rabi bai sani ba, hanyar ce ya haddace. Na ce masa ko da idonsa ya fi na shaho, amsata ba za ta sauya ba. Ya yi dariya ya ce ya sani. Sannan ya cire tabarau ɗin yana goge shi da bakin riga, ya ce in an sake buɗewa zai nema, ya kuma tambaye ni yadda alamun sanƙarau suke.